Takardun Jinin Yayata: Abin da Ciwon Taurin Fata Ya Cinye a Ɓoye

Yayata ce ta sa ni rubuta labarin nan, da sharaɗin kada in faɗi sunanta ko unguwarsu. Cewa ta yi, "Auta, ke kika iya karatun takardun nan. Ki rubuta, ko Allah zai sa wata ta kauce wa ramin da na faɗa." Aikina a ɗakin gwajin jini yake. Duk takardar gwajin da aka taɓa yi mata tana nan a cikin wata jakar leda a ƙarƙashin katifarta, kuma daga cikinta na ɗauko lambobin da za ku gani.

Sana'arta zoɓo da kunun aya. Kullum da sassafe za ta fasa ƙanƙara ta zuba a kula, ta jera robobi, yara su kai mata bakin kasuwar Rimi. A hunturun 2017, tana da shekara 38, ta fara lura idan ta tsoma hannu a kular nan, yatsunta uku na dama sai su koɗe su yi toka-toka, su sandare kamar ba a jikinta suke ba. Can sai su yi duhu, in jini ya dawo kuma su kama zogi har ta ciji leɓe. Haka nan alwalar asuba. Ta ɗauka sanyi ne. Abin da ke faruwa shi ne ƙananan jijiyoyin jinin yatsu suna matsewa fiye da kima idan sanyi ya taɓa su. Wani likita Bafaranshe, Maurice Raynaud, shi ya bayyana wannan yanayi a 1862, kuma har yau da sunansa likitoci ke kiransa. A farar fata launukan suna fita sarai: fari, shuɗi, ja. A fatarmu ba sa fita haka, shi ya sa ake daɗewa ba a gane ba.

Kafin shekara ta zagayo yatsun sun kumbura, zobenta ya ƙi fita sai da maƙeri ya yanke shi. Daga nan fata ta fara ɗamewa tana sheƙi, ba a iya tsunkular ta, ta haura gwiwar hannu ta kai ƙirji. Goshinta da wuyanta suka yi ɗigo-ɗigon fari da baƙi kamar an barbaɗa gishiri a kan masoro. Baki ya tsuke, lomar tuwo ta ƙi shiga sai ta gutsura ƙanana. A nan maganganu suka yi yawa. Wasu suka ce kuturta ce, wasu suka ce jifa aka yi mata saboda kasuwarta ta buɗe. Akwai maƙwabciyar da ta hana 'ya'yanta shan zoɓonta. Wannan ya fi ciwon kansa ƙona mata rai, domin ciwon ba ya yaɗuwa ko kaɗan, ko da a kwano ɗaya ake ci.

Sai a 2019 aka tura ta wurin likitan gaɓoɓi, ya matsa fatarta a wurare 17 yana ba kowane maki daga 0 zuwa 3, ya duba gindin faratanta da gilashin ƙara girma, ya rubuta gwajin ANA, gwajin jini mai nuna ko garkuwar jiki ta juya tana yaƙar jikin, ya dawo da alamar cutar. Ya ce mata sunanta sikiloroderma, wato taurin fata, kuma nata irin mai bazuwa ne. Garkuwar jiki ce ke rikicewa, ta ɓata ƙananan jijiyoyin jini, ta sa jiki ya riƙa tara irin naman tabo a inda babu rauni. Ta fi kama mata, galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50.

Kowa fata yake kallo, amma a cikin masu wannan ciwo goma, kusan tara yana taɓa musu hanyar abinci, daga maƙoshi har dubura. Tsokar da ke tura abinci gaba tana yin sanyi, naman tabo ya maye gurbinta. To a wannan hanya ce jiki ke tsotsar ayon, wato sinadarin ƙarfe mai haɗa jini, da zink da magniziyam da sauran ma'adanai. Idan ta lalace, mutum zai iya ci ya ƙoshi amma jininsa yana jin yunwa. Rashin ma'adanai ba shi ke kawo cutar ba, kuma cike su ba ya warkar da ita. Amma a cikin duk wahalar da Yaya ta sha, wannan ne ɓangaren da hannu ya iya kaiwa ya gyara, shi ne kuma inda aka fi yin kuskure.

Ayon ne ya fara bayyana. A tsakiyar 2020 ta koma ko tsakar gida ta share sai ta zauna tana haki, ga wani kwaɗayin tauna ƙanƙara duk da abin da ƙanƙarar ke yi wa yatsunta. Wannan kwaɗayi, da na cin ƙasa ko farar ƙasa, tsohuwar alama ce ta ƙarancin ayon. Himoglobin ɗinta, wato ma'aunin yawan jini, 7.9, alhali a mace marar ciki duk abin da ya gaza 12 ƙarancin jini ne. Amma feritin, wato ma'aunin ayon da ke ajiye a rumbun jiki, ya nuna 58. Wanda ya fara duba takardar ya ce ai rumbu a cike yake, tunda lambar tana cikin iyakar da aka buga a gefe. Wannan karatu kuskure ne. Feritin yana tashi duk lokacin da jiki ke cikin kumburi, ko da rumbun wayam yake. Ga mai lafiya, ƙasa da 15 tabbatacciyar ƙaranci ce, likitoci da yawa ma daga 30 suke ɗauka. Ga mai kumburi kuwa, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta ɗaga iyakar manya zuwa 70. A ranar CRP ɗin Yaya, ma'aunin kumburi, 24 ne. Da aka auna cikar tiransferin, wato kason motocin dakon ayon da ke ɗauke da kaya a cikin jini, sai aka samu kashi 8 cikin 100, alhali ƙasa da 20 ma ƙaranci ne. Shawarata ga duk mai wannan ciwo: kada a auna feritin shi kaɗai. A haɗa shi da CRP da cikar tiransferin a jini ɗaya, rana ɗaya.

Sai tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farko muhimmanci: ina ayon ɗin ke tafiya? Hanyoyi uku ne suka haɗu mata. Ta rage cin nama saboda tauna da haɗiya sun zama aiki. Tana shan omeprazole saboda ƙwannafi, shi kuma yana rage tsamin ciki, alhali ayon na abincin tsiro sai da tsamin nan yake narkewa ya tsotsu. Na uku sai da aka zura mata bututu mai kyamara aka gan shi: a ƙasan tumbinta akwai jajayen layuka na buɗaɗɗun jijiyoyi, a jere kamar zanen bayan kankana, suna tsiyayar jini kaɗan-kaɗan. Da sunan kankanar ma likitoci ke kiransa. Ba ta taɓa aman jini ba, bayan gidanta ma bai sauya launi yadda za ta lura ba. An ƙona jijiyoyin ta cikin bututun a zama biyu. Da ba a toshe wannan ɗigo ba, da duk maganin ƙarin jinin da za ta sha zuba ruwa a kwando ne.

Ƙwayar ayon ma da nata hukunci. Ferrous sulphate mai 200 yana ɗauke da miligiram 65 na ayon zalla. Da farko sau uku a rana take sha, da shayin safe, cikinta ya ƙulle kwana biyar ba bayan gida, ga hanji da ma malalaci. Aka mayar da ita ƙwaya ɗaya, yau a sha gobe a huta. Dalili shi ne bayan an sha ayon, hanta tana sakin wani sinadari, hefsidin, da ke rufe ƙofar tsotsa na kusan yini guda, don haka ƙwaya ta biyu da ta uku wahalar ciki kawai suke ƙarawa. Aka raba ta da shayi, domin ɗacin ganyen shayi yana kama ayon ya hana shi shiga. Duk da haka bayan wata biyu himoglobin bai wuce 8.6 ba, alhali idan hanji na aiki ana sa ran ya ƙaru da kusan 2 cikin mako uku zuwa huɗu. Daga nan aka ba ta ayon ta jijiya a asibiti. Bayan mako shida ta kai 11.4, ta daina neman ƙanƙara.

Akwai wata rana a wannan shekara da ba za ta fita daga ran gidanmu ba. An ɗebi jininta a wani ɗakin gwaji, da yamma sakamako ya fito: fotasiyam 7.6, kalsiyam 1.2. A takarda, wannan mutum ne da zuciyarsa ke dab da tsayawa. Ga shi an riga an gargaɗe mu cewa masu irin nata na iya samun bugun ƙoda, wato ƙoda ta gaza aiki farat ɗaya, a shekarun farko. Mijinta ya ɗauke ta a A-daidaita-sahu zuwa asibiti ana salati. Aka yi hoton bugun zuciya, lafiya lau. Aka sake ɗiba, fotasiyam 4.1, kalsiyam 2.2. Da na tambaye ta yadda aka ɗebi na farko, ta ce an soke ta sau huɗu ba a samu jijiya ba, a na biyar aka samu ɗan kaɗan aka zuba a kwalba mai murfin shunayya, sai mai ɗibar ya ga ɗaya kwalbar ba ta samu ba, ya tsiyaya mata daga wannan. Kwalbar shunayya tana ɗauke da maganin hana daskarewa da ake kira EDTA, kuma da fotasiyam aka haɗa shi. Ɗigo kaɗan ya isa ya harba fotasiyam sama, ya kame kalsiyam da magniziyam da zink su faɗi ƙasa. Ba a taɓa juye jini daga kwalba zuwa kwalba. Amma kuma mai karatu ya kiyaye: zuwa asibitin da aka yi daidai ne. Fotasiyam mai yawa ba a zama a gida ana cewa ƙila kuskure ne, a sake aunawa nan take shi ne hanya.

Tun daga ranar ga yadda ake ɗibar jininta. Tana shan ruwa kofi biyu kafin ta fito, ruwa ba ya ɓata gwajin da ake yi kafin karin kumallo. Tana sa rigar sanyi da safar hannu ko da a watan Afrilu ne idan ɗakin akwai na'urar sanyaya. Ana naɗe hannun da tawul mai ɗumi minti goma, a laluba inda fata ta fi laushi, a yi amfani da siririyar allura mai fukafukai, lamba 23. Robar ɗaure dantse ba ta wuce minti ɗaya, kuma ba a ce mata ta riƙa dunƙule hannu tana buɗewa, domin wannan kaɗai yana ɗaga fotasiyam. Ba a jan sirinji da ƙarfi, domin jajayen ƙwayoyin jini in suka fashe suna zubar da fotasiyam da magniziyam da zink da ke cikinsu, ruwan jinin ya yi ja-ja, lambobi su fito ƙarya. Ba a huda mata kan yatsa, domin ƙaramin rauni a wurin kan zama gyambon wata da watanni.

Magniziyam ya biyo baya, a azumin 2021. Tana shan omeprazole 40 safe da yamma, ga gudawa mai maiƙo da kumburin ciki da suka addabe ta. Hanjin da ba ya motsi kamar kwata ce da ta toshe: ƙwayoyin cuta su taru a ƙaramin hanji inda bai kamata su yi yawa ba, su cinye bitamin B12, su hana maiƙo tsotsuwa, maiƙon kuma ya kwashi kalsiyam da magniziyam ya fice da su. A dare na goma sha biyu tana tsaye a sallar asham sai sharaɓarta ta ƙulle, yatsun hannu suka lanƙwashe suka haɗe, leɓɓanta na tsatstsafa kamar tafiyar kiyashi. Fotasiyam 2.9, a wannan karon na gaskiya. Aka ba ta fotasiyam kwana uku, da ƙyar ya motsa zuwa 3.0. Sai wata likita ta ce a duba magniziyam, wanda ba ya cikin jerin gishirin jini da aka saba rubutawa, sai an nema da suna. Ya fito 0.41, alhali iyakarsa 0.7 zuwa 1.0. Idan magniziyam ya yi ƙasa, ƙoda ba ta iya riƙe fotasiyam, duk wanda aka zuba sai ya bi fitsari. Haka kuma ƙullutun wuya da ke daidaita kalsiyam suna yin kasala. Da aka ɗaura mata magniziyam ta jijiya, cikin kwana biyu fotasiyam da kalsiyam suka daidaita.

Tun 2011 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa daɗewa a kan dangin omeprazole na iya sauke magniziyam. Wannan ba dalilin jefar da maganin ba ne. Ga mai taurin fata, tsamin da ke tasowa yana ƙona maƙoshi har ya tsuke shi, da dare kuma yana iya kwarara cikin huhu, huhun da cutar ke hari da ma. Abin yi shi ne a riƙa aunawa, ita yanzu duk wata shida. Ƙwayar magniziyam kuma ana raba ta ƙanana da abinci, domin in aka sha da yawa lokaci ɗaya gudawa take sa wa, a koma gidan jiya. Kuma ana nisanta ta da mycophenolate, maganin danne garkuwa da take sha, aƙalla awa biyu, domin tana rage shigarsa. Haka ciprofloxacin da ake ba ta lokaci-lokaci don ƙwayoyin hanji: ayon da zink da kalsiyam da magniziyam duk suna kama shi, sai a sha shi awa biyu kafin su ko awa shida bayansu. Daga wannan shekarar likitanta ya ce azumi ba nata ba ne, malamin unguwa ya tabbatar mata da sauƙin da addini ya yi, take ciyarwa. Ta yi kuka ranar, na gani da idona.

Kalsiyam zan taƙaita, sai dai abu biyu. Kusan rabinsa a manne yake da albumin, wani furotin na cikin jini, don haka in albumin ya sauka, lambar kalsiyam tana bin sa ƙasa ko da babu ƙaranci. Ana gyara lissafin haka: a cire albumin daga 40, a ninka da 0.02, a ƙara a kan abin da aka auna. Wata rana nata 1.98 ne, albumin 29. Goma sha ɗaya sau 0.02 ya ba da 0.22, jimla 2.20, lafiya ƙalau. Na biyu, fararen tsakuwoyin da suka fito mata a gwiwar hannu da kan yatsa, masu fashewa su fitar da abu kamar alli. Dangi suka ce kalsiyam ya yi mata yawa, ta daina shan nono da fura. Ba haka ba ne. A naman da ya lalace kalsiyam ke taruwa, alhali na cikin jini daidai yake. Barin nono bai narkar da tsakuwa ko ɗaya ba, ƙashinta kawai ya cuta.

Yanzu zink, wanda saboda shi ne Yaya ta ce a rubuta labarin. A ƙarshen 2021 gyambon yatsunta biyu ya ƙi rufewa, gashinta na zuba a matsefi, abinci ya zama lami, ko miyar kuka mai daddawa ba ta jin ɗanɗanonta. Aka auna zink yadda ya kamata: da safe kafin ta ci komai, domin yana sauka bayan cin abinci, a kwalba ta musamman mai murfi shuɗi mai duhu, domin robar murfin kwalba ta yau da kullum na iya ɗauke da zink, aka raba ruwan jinin kafin awa ɗaya, aka sanyaya aka aika Legas. An jira sai da CRP ya sauka ƙasa da 20, domin a lokacin kumburi hanta tana janye zink daga jini ta ɓoye, a ga kamar babu. Ya fito 52, alhali galibin ɗakunan gwaji 70 zuwa 120 suke sa wa. Likita ya rubuta zinc sulphate 220, mai miligiram 50 na zink zalla, sau ɗaya a rana, wata uku, sannan a dawo.

Ya yi aiki. Ɗanɗano ya dawo, gashi ya tsaya, gyambo ɗaya ya rufe. Da wata ukun suka cika ba ta koma ba, kuɗin gwaji ya yi nauyi. Ta ci gaba da saye a kemis, wata mai sayar da kayan ƙarin lafiya ta WhatsApp kuma ta ce mata ta mayar da shi sau biyu, ai ba magani ba ne, abinci ne. Wata goma sha huɗu tana shan miligiram 100 kullum. Bukatar mace a rana miligiram 8 ce, ta namiji 11, iyakar da ake ganin ba ta cutarwa kuma 40.

A farkon 2023 jini ya sake sauka zuwa 8.8, amma feritin da cikar tiransferin lafiya. Fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi suka ragu sosai, har aka fara zargin mycophenolate aka dakatar da shi. Tafin ƙafarta ya mutu kamar tana taka auduga, silifa na zame mata ba ta sani ba, da dare in babu wuta sai ta dafa bango. B12 ya ɗan yi ƙasa, aka yi mata allura, babu sauyi. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar da na zazzage jakar magungunanta a kan tabarma na ga kwalaben zink uku, na ce, "Yaya, tun yaushe?" Ta ce, "Ai tun wancan karon. Ba ke kika ce jinina ba shi da shi ba?"

Jan ƙarfe, wanda ake rubutawa Cu a takardar gwaji, ya fito 18, alhali iyakarsa kusan 70 zuwa 140. Ga yadda abin yake. Zink mai yawa yana sa ƙwayoyin bangon hanji su ƙera wani sinadari mai kama ƙarfe, shi kuma ya fi son jan ƙarfe a kan zink. Sai ya riƙe duk wanda ya zo cikin abinci, bayan 'yan kwanaki ƙwayar ta saɓule ta fita da shi a bayan gida. Ba tare da jan ƙarfe ba ɓargo ba ya iya haɗa jini, ayon ba ya fita daga rumbu, lakar baya kuma tana lalacewa. A mai kumburi jan ƙarfe ya saba fitowa sama ne, domin abin dakonsa yana ƙaruwa da kumburi, don haka ganinsa a 18 ya nuna rijiyar ta ƙafe ƙaf. Aka tsayar da zink, aka ba ta jan ƙarfe a ƙarƙashin kulawar likita. Cikin wata biyu jini da fararen ƙwayoyi suka dawo, ta koma kan maganinta. Ƙafa ce ba ta dawo duka ba. Haka wannan rauni yake, jini na saurin gyaruwa, jijiyar laka kuwa sau da yawa iyakarta a tsayar da ɓarna. Har yau tana sa takalmi mai maɗauri a dunduniya. Duk wanda zai sha zink fiye da wata uku a kan wannan adadi, a auna masa jan ƙarfe da ƙidayar jini.

Seleniyam ɗinta sau ɗaya aka auna, ya ɗan gaza. Bincike da dama a Turai sun samu masu wannan ciwo da ƙarancinsa idan aka gwada su da masu lafiya, kuma shi ne ke taimaka wa sinadaran da ke kare bangon jijiya daga lalacewa, shi ya sa aka yi zaton ƙara shi zai taimaka. An gwada a Ingila, aka wallafa a 2000: aka ba marasa lafiya haɗin seleniyam da bitamin C da E da wasu, ba a ga sauyin a zo a gani a yatsunsu ba. Bukatarsa a rana maikirogiram 55 ce kacal, in ya yi yawa kuma gashi ya zube, farata su kakkarye, baki ya riƙa warin tafarnuwa. Ita da ƙwai da kifi aka gyara nata.

Tukunyarta ce ta fi sauyawa. Ba ta cin sau uku, sau shida take ci, kaɗan-kaɗan, na ƙarshe kafin magariba, domin a samu awa uku kafin kwanciya. An ɗora ƙafafun gadonta na wajen kai a kan bulo, tsayin kamar santimita 15, domin tara filo lanƙwasa ciki yake yi ya ƙara tura tsami. Tuwo sai mai laushi da miyar yauƙi, kuka ko kuɓewa, su ke zarcewa a maƙoshi. Nama sai an daka ko an dafa ya yi lugub, tsire da kilishi sun wuce ta. Hanta sau ɗaya a mako, gwargwadon tafin hannu, a niƙa a miya, domin ita ta haɗa ayon da zink da jan ƙarfe da B12 wuri ɗaya. Gero da dawa da masara da wake suna ɗauke da wani sinadari a dusarsu mai kame ayon da zink, amma jiƙo da tsimawa suna karya shi. Saboda haka kokon da aka jiƙa geronsa ya kwana biyu ya fi mata kunun gari, waken alale kuma ana jiƙa shi dare guda a zubar da ruwan. Zogale tana ci, amma ayon na ganye kaɗan ne ke shiga jini, ba ya maye hanta. Lemon tsami da tsamiya suna taimaka wa ayon amma suna tayar mata da ƙwannafi, sai ta koma gwanda.

Kanwa kuwa an fitar da ita daga ɗakin. Da can in ƙirji ya yi zafi sai ta jiƙa jar kanwa ta kurɓa, kuma tana kwantar da zafin na ɗan lokaci. Amma kanwar nan gishirin sodiyam ce, mai ɗaga hawan jini, kuma ga mai irin ciwonta hawan jini shi ne ƙararrawar ƙoda. Tana da na'urar awo a gida, tana aunawa sau uku a mako ta rubuta a littafin makarantar autarta. An ce mata in ya kai 140 a kan 90, ko na sama ya ƙaru da 30 a kan yadda ta saba, ta taho asibiti a ranar. An kuma ja mata kunne a kan prednisolone da ake sayarwa a kemis don ciwon gaɓoɓi, domin daga miligiram 15 a rana zuwa sama yana ƙara haɗarin bugun ƙodar.

Nauyinta ya faɗi daga kilo 68 zuwa 47 a lokacin da abin ya fi tsanani. Yanzu 55 ne. Fatar dantsenta ta ɗan saki, tana iya ɗaura ɗankwali da kanta. Zoɓon tana nan tana yi, ita ke dafawa ta haɗa kanumfari da citta, babbar 'yarta ke fasa ƙanƙara. Alwala da ruwan ɗumi daga fulas. A bangon ɗakinta, kusa da kalanda, akwai takardar da na rubuta mata da manyan baƙi: ƙidayar jini da gwajin ƙoda duk wata uku, feritin da CRP da albumin da kalsiyam da magniziyam duk wata shida, B12 da bitamin D da zink da jan ƙarfe sau ɗaya a shekara, ko in wata sabuwar alama ta fito. A ƙasa ta sa 'yarta ta ƙara layi ɗaya da jan biro: duk ƙwayar da za ta shiga bakinta, a rubuta ranar farawa da ranar dainawa a jikin kwalin. Gwajinta na gaba kafin hunturu ya shigo ne, ta riga ta ware kuɗinsa a asusun gwangwani.